Daga Kotson Narambaɗa Zuwa Lasifikar Biki: Yadda Waƙar Rawa Ke Shiga Arewacin Zamfara

La'asar ta yi sakaliya a Ƙauran Namoda. A gefen tasha, inda motocin Gusau ke sauke fasinja, na Shinkafi da Zurmi kuma ke gaggawar cika don kada duhu ya riske su a hanya, akwai wata rumfar cajin waya. Ƙaramin janareta na kuka a bayanta. Wayoyi sun yi layi a kan katako, kowace da lambarta, ga wata tsohuwar kwamfuta a tsakiyar tebur.

Wani saurayi ya miƙo memorinsa. Bai ambaci sunan waƙa ba, bai ambaci mawaƙi ba. Wadda ake yayi kawai yake so a tura masa. Mai rumfar ya san wadda ake nufi, domin tun safe ita yake turawa. Kafin a sha ruwa a ajiye kofi an gama, saurayin ya biya 'yan kuɗin da ba su kai na kwanon shinkafa ba, ya haye babur ɗinsa.

Daga nan waƙar ta kama hanya. Gobe za a ji ta a shagon aski a Moriki, jibi a bakin wata yarinya mai tallar gyaɗa a Zurmi, ranar Alhamis kuma ta cika kasuwar Shinkafi daga lasifikar masu sayar da kayan waya. Kafin mako ya zagayo, babu gidan bikin da za a watse ba a saka ta ba. Kafin wata ya cika, liman zai taɓo ta a huɗuba, ko da bai kira sunanta ba.

Haka waƙar rawa ke shiga wannan yanki a yau. Ba ta sallama a zaure, ba ta jiran iso. Wannan ne ya sa iyaye da malamai da hukumomi suke ta tambayar juna: daga ina waɗannan waƙoƙi ke fitowa, me ya sa suke kama zuciyar yara haka, kuma me ya kamata a yi?

Ƙasar da ta haifi makaɗa

Duk wanda zai yi maganar kiɗa a arewacin Zamfara, dole ya fara da cire hula. Daga Tubali ta ƙasar Shinkafi Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960 amma har gobe ana nazarin Bakandamiyarsa a jami'o'i. Daga ƙasar Zurmi aka sami Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, wanda muryarsa kan sa namiji ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

In aka ɗan matsa kudu da yamma, ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru, ga Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya da ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ga Sani Sabulu na Kanoma. Da wuya a sami wani yanki na ƙasar Hausa da ya tara gwanayen harshe kamar wannan a cikin ƙarni guda.

Baƙon sauti ma ba yau ya fara zuwa nan ba. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratso Funtuwa da Gusau ya tiƙe a Ƙauran Namoda. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ne ke dawowa da ma'aikata da fatake daga kudu, da garmahonsu da fayafayansu. Daga baya rediyo ya zo, sannan kaset. Tun daga 1983 kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin take tara ɗalibai daga sassan Najeriya, kowa da kiɗan garinsu.

Ke nan kunnen Bazamfare ya daɗe da sanin baƙon kiɗa. Abin da ya sauya wani abu ne dabam, kuma sai an waiwayi yadda kiɗa yake zaune a da kafin a gane shi.

Kowane kiɗa da muhallinsa

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun daɗe da nuna cewa makaɗan Hausa rukuni-rukuni ne. Akwai na fada, akwai na sana'a, akwai na maza, akwai na jama'a. Kotso da taushi na sarakuna ne. Mahauta da 'yan dambe suna da kalangunsu. Manoma suna da gangar da ake kaɗa musu a gayya. Maharba da maƙera kowa da nasa take.

Mata ma ba a bar su a baya ba. 'Yan mata na da gaɗa da kiɗan dandali a daren farin wata. Matan aure na da kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida ranar biki ko suna, irin wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta ɗaukaka har ta rasu a 2013. Wanda ya taɓa jin abin da ake faɗa a irin wannan zama ya san cewa akwai zaurance da habaici da maganganun da suka shafi zaman aure, waɗanda ba a faɗarsu a gaban suruki.

Amma akwai katanga. Namiji baligi ba ya ƙetare zaure ranar wunin mata. Yaro in ya leƙa a kore shi. Abin da aka rera a tsakar gida a tsakar gida yake kwana. Kowane kiɗa yana da masu shi, yana da wurinsa, yana da lokacinsa, kuma makaɗi yana kallon idon wanda yake yi wa waƙa. In dattijo ya shigo, sai ya sauya baiti.

Wayar hannu ce ta rushe wannan katanga. Waƙar da aka shirya don ɗakin amarya, yanzu ita ce ke tashi a cikin motar haya, uba na gaba, 'yarsa na baya. Lasifika ba ta da ido, ba ta san surukuta ba, ba ta sauya baiti don wani ya shigo. Mafi yawan rigimar da ake yi a kan waƙoƙin rawa a yau daga nan ta samo tushe.

Mutum biyu da injin kiɗa

Salon waƙar da ake saki ita kaɗai, ba a jira an tara kundi ba, don kawai ta mamaye filin rawa na 'yan watanni, Turawa ne suka mayar da shi babbar sana'a. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wasu Jamusawa biyu, Dieter Bohlen da Thomas Anders, da suka kira kansu Modern Talking. Ɗaya ke tsara kiɗa da rubuta waƙa, ɗaya ke rerawa.

A ƙarshen 1984 kamfanin Hansa na Berlin ya fitar da waƙarsu ta farko, You're My Heart, You're My Soul. Ta yi watanni tana kwance a kantuna ba a kula ta ba. Sai da aka nuna su a talabijin a farkon 1985 sannan ta tashi, ta hau matsayi na ɗaya a Jamus ta yi makonni shida a can. Waƙoƙinsu biyar a jere suka hau wannan matsayi, ciki har da Cheri, Cheri Lady da Brother Louie.

Masu sharhin kiɗa a Jamus sun yi ta kushe su. Suka ce waƙoƙin duk kamar an zuba su a tukunya ɗaya, kalmomin ba su da nauyi, kiɗan kuma na inji ne. Jama'a ba su saurari wannan suka ba. Fayafayansu da kaset-kaset ɗinsu sun yi kasuwa har a Tarayyar Sobiyet da Gabas ta Tsakiya da Asiya. Sun rabu a 1987, suka sake haɗuwa a 1998, suka kuma rabuwa a 2003. A 'yan shekarun nan TikTok ya sake tono Cheri, Cheri Lady, har yaron da aka haifa shekaru ashirin bayan fitarta yana iya jin sautinta a ƙarƙashin wani gajeren bidiyo.

Misali na biyu daga kudancin Sifaniya yake. Wasu dattawa biyu masu suna Los del Río sun yi Macarena a 1993. Bayan an sake gyara kiɗanta a Amurka, sai ta yi makonni 14 tana kan gaba a can a 1996, duniya ta ɗauka da rawarta mai ɗora hannu a kafaɗa da ƙugu. Yara sun yi ta a makarantu, 'yan siyasa sun yi ta a taro. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa labarin wata mace ce da ke cin amanar saurayinta yayin da aka ɗauke shi aikin soja.

Darussa biyu ke cikin wannan. Na farko, ƙafa tana riga kunne jin waƙar rawa, shi ya sa sukar masana ba ta hana ta gudu. Na biyu, baƙon harshe sutura ne. Waƙar Turai ko ta Indiya tana iya wucewa ta gaban dattijo ba ta sosa masa rai ba, domin bai ji abin da aka ce ba. Amma ranar da aka ɗora Hausa a kan irin wannan kiɗa, kowace kalma sai ta tsaya tsirara.

Ranar da fiyano ya sauka Kano

Wannan rana ta zo ne a shekarun 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano ya haifar da sabon kiɗa. Mutum ɗaya da yatsunsa goma yana fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga da goge, ba ya buƙatar 'yan amshi shida da masu kiɗa huɗu. Waƙar fim ɗin Sangaya, wajen ƙarshen wannan zango, ta nuna wa masu shirya fim cewa waƙa ɗaya tana iya sayar da fim sukutum.

Daga finafinan Indiya aka aro tsarin murya biyu, namiji ya faɗa mace ta amsa. A kan wannan turba aka sami Fati Nijar da Maryam A. Baba da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da sauransu. Sannu a hankali waƙar ta yaye kanta daga fim. Mawaƙi ya fara sakin waƙarsa ita kaɗai, da bidiyonta, da salon rawarta, kamar dai yadda waɗancan Turawa suke yi.

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da Zamfara ta ɗauki wata hanya. A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a farkon 2000. Aka rufe gidajen giya da na caca, aka sa ido a kan tarukan da ke cakuɗa maza da mata. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Wato sabon kiɗa da sabuwar doka tare suka girma, kamar 'yan uba a gida ɗaya, kuma har yau ba su daina hararar juna ba.

Jaruma da Warr

Waƙoƙi biyu sun isa su nuna yadda abin yake. A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, Hamisu Breaker ya saki Jaruma. Waƙar soyayya ce mai sanyin kiɗa. Abin da ya ɗaga ta sama shi ne bidiyoyin da matan aure suka riƙa ɗauka suna taka rawa a gaban mazajensu, suna sakawa a Instagram da Facebook da WhatsApp.

Nan take ƙasa ta rabu biyu. Wasu suka ce babu laifi mace ta faranta wa mijinta rai, hasali ma abin so ne. Wasu suka ce gaskiya ne, amma a ɗaki, ba a gaban duniya ba. In aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba a kan rawar suka saɓa ba. A kan katangar da ta faɗi suka saɓa.

A 2022 sai ga Ado Gwanja da Warr, sannan Chass. Gwanja ya yi suna ne da waƙoƙin mata, har ake masa laƙabi da Limamin Mata, kuma wanda ya san amada zai ji ƙamshinta a salonsa. Amma a wannan karo habaicin ya fito da zafi, da kalmomin da mutane da yawa suka ɗauka zagi ne. TikTok ya cika da masu kwaikwayo, manya da yara.

Martani bai yi jinkiri ba. Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta hana gidajen rediyo da talabijin saka Warr. Wasu lauyoyi a Kano suka shigar da ƙara gaban kotun shari'ar Musulunci a kan Gwanja da wasu mawaƙa da 'yan TikTok, ciki har da Mr 442 da Safara'u, waɗanda a lokacin suke fitar da waƙoƙi tare, bisa zargin ɓata tarbiyya.

Sai dai hanin ya tsaya ne a ƙofar gidan rediyo. Waƙar da ba ta rediyo ta shigo ba, rufe mata rediyo bai tare mata hanya ba. Wanda bai taɓa jin ta ba ma, da ya ji an hana, sai ya nufi rumfar mai caji ya ji abin da ya sa aka hana.

Hanyar da ba ta bi ta intanet

Mutumin birni yakan ɗauka cewa waƙa na yaɗuwa ne ta YouTube da Audiomack da TikTok. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi wannan rabin labarin ne. Data na da tsada, sabis na zuwa yana ɗaukewa, wutar lantarki kuwa sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Mutum ɗaya ne ke sauke waƙar a gari, saura kuma su karɓa hannu da hannu, ta Bluetooth ko Xender ko memori.

An ga ƙarfin wannan hanya a watan Satumban 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a matsa wa 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura. Mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don kawai su buga waya. Duk da haka wayoyi ba su yi shiru ba, domin tura waƙa daga wannan waya zuwa waccan ba ya buƙatar sabis. Direban da ya dawo daga Kano ko Sakkwato yana iya shigo da sabuwar waƙa a aljihunsa.

Wannan hanya tana da nata cikas. Kuɗin da saurayi ya biya a rumfa ba ya isa hannun mawaƙi. Mai waƙar da ta cika garuruwa goma sai ya jira gayyatar biki, ko ɗan abin da YouTube ke biya, ko kwangilar ɗan siyasa. Shi ya sa mawaƙi ke neman kalmar da za ta tayar da ƙura, domin ƙurar ce ke kawo gayyata. Haka kuma hanyar ba ta tace kaya. Ta cikinta wa'azi ke bi, ta cikinta karatun Alƙur'ani ke bi, ta cikinta kuma a 'yan shekarun nan waƙar yabon jagoran 'yan bindiga Bello Turji ta bi ta shiga wayoyin mutanen da hare-hare suka raba da gidajensu.

Rawa cikin zaman ɗar-ɗar

Ba za a fahimci yadda ake karɓar waƙar rawa a wannan yanki ba sai an tuna halin da mutanensa ke ciki. Fiye da shekaru goma ke nan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya suna cikin hanyoyin da matafiyi ke bi da addu'a a baki. Ƙauyuka da dama sun tashi, gonaki sun zama kufai, 'yan gudun hijira sun cika garuruwa.

Dandalin dare ya mutu a wurare da yawa. Gayyar noma da makaɗi ke bi da ganga ta ja baya. Biki da a da ake kwana ana yi, yanzu da rana tsaka ake taƙaita shi, kowa ya koma gida kafin magariba. Ɗauko makaɗi da tawagarsa daga wani gari ya zama kasada da tsada. Mai lasifika da janareta kuwa yana nan cikin unguwa, kuma kuɗinsa bai kai rabin nasu ba.

A irin wannan hali, 'yan mintocin da ƙawayen amarya za su yi suna juyi a tsakar gida ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da ta kwana tana jin ƙarar bindiga tana da haƙƙin ta yi dariya da rana. Duk wanda zai yi hukunci a kan waɗannan waƙoƙi, ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Kowa da abin da ya hango

Malamai da jami'an Hisba sun fi damuwa da abubuwa uku: kalmomin batsa da zagi, cakuɗuwar maza da mata a filin rawa, da kuma mai saka kiɗa namiji da ke zama a tsakiyar taron mata. Suna ganin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya haddace baitin ashar kafin ya haddace Fatiha an cuce shi. A cikinsu akwai masu ganin kiɗa gaba ɗaya haramun ne, akwai masu bambanta mai tsabta da marar tsabta. Wannan saɓani tsoho ne a tsakanin malaman Musulunci.

Iyaye mata suna tsaka mai wuya. Su ne suka fi kowa sanin cewa bikin da babu kiɗa kamar miya ce babu gishiri, kuma uwar amarya ba ta son a ce bikin 'yarta ya yi lami. Su ne kuma ke jin kunya in ɗan shekara biyar ya rera wata kalma a gaban baƙo.

Matasa suna cewa kiɗan suke bi, ba maganar ba. Suna kuma tuna wa manya cewa su ma a zamaninsu an yi musu faɗa a kan waƙoƙin Indiya da zuwa dandali. Masu saka kiɗa a biki da masu tura waƙa a rumfa suna kallon abin ta fuskar tuwo: sana'a ce da ta riƙe samari da yawa a yankin da aiki ya yi ƙaranci, kuma abin da mai biki ya nema shi suke sakawa.

Mawaƙan zamani kan kare kansu da cewa habaici da zambo ba su suka ƙirƙiro su ba, a gidan makaɗan da suka gabata suka tarar da su. Akwai gaskiya a nan. Amma tsofaffin makaɗa da masu sha'awarsu suna da amsa: zambon Narambaɗa a lulluɓe yake, sai mai hankali ya kwance shi, har wanda aka yi wa ma yakan jinjina wa gwanintar. Abin da ke ba su takaici shi ne yadda ake barin azanci a ɗauki gatsali, da yadda ɗan makaɗi ke jingine kotson ubansa ya koma acaɓa domin babu mai gayyatarsa.

Abin da ke hannunmu

In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi. Fiyano ba zai koma inda ya fito ba, waya ba za ta fita daga aljihun yara ba, kuma shekaru ashirin na hani sun nuna iyakar abin da hani ke iya yi. Amma wannan ba ya nufin a naɗe hannu.

Katangar da waya ta rushe ana iya sake gina wani sashe nata da hannun mutane. Uwar biki tana da ikon zaɓar abin da za a saka a gidanta. Unguwa tana iya horar da mata masu saka kiɗa don taron mata, a huta da rigimar namiji a tsakar gida, wasu 'yan mata kuma su sami sana'a. Direba yana iya duba waɗanda ya ɗauko kafin ya murɗa lasifika. Ƙungiyoyin masu tura waƙa suna iya yarda a tsakaninsu cewa akwai abin da ba a tura wa ƙaramin yaro.

Mawaƙa kuma su sani cewa kiɗa mai motsa ƙafa ba ya hana magana mai nauyi. Ɗanƙwairo ya sa manoma sun yi rawa da fartanya a hannu, bai zubar da girman harshe ba. Jikokin waɗannan gwanaye suna nan a Shinkafi da Zurmi da Maradun da Ƙaura. Da gwamnatin jiha da masarautu da masu hali za su taimaka a haɗa su da matasan situdiyo, a ɗauki sautin kotso da kalangu na gaske, a adana tsofaffin fayafayan da ke gidajen rediyo, a biya magada haƙƙinsu, da Zamfara ta koma mai aika waƙa Kano, maimakon mai jiran abin da mota za ta kawo.

Alamar cewa hakan mai yiwuwa ne tana nan a rumfar da muka fara da ita. A cikin kwamfutar mai caji, kusa da jakar sababbin waƙoƙi, akwai wata jakar da ba ta taɓa tsufa: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi. Direbobi na nemanta, dattawa na aiko jikoki a tura musu, wani lokaci ma saurayin da ya zo neman ta yayi yakan ce a ƙara masa da biyu daga ciki. Ta yayi takan yi wata uku ta ba wata wuri. Waɗancan kuwa wasunsu sun haura shekara sittin, kuma har yanzu ana biyan kuɗi a ji su.